Tambayi Yaya: Sunaye rututu a fostar Soundstorm, uku kacal na sani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ya dawam ya iyali. Ni haihuwar Jidda ne, ina aiki a shagon turare can wajen Balad, tsohon garin Jidda. Shekara biyu kenan ina tara kuɗi dan inje Soundstorm, babban bikin kiɗan nan da ake yi a Riyad, to bana Allah ya nufa na yanki tazkara, yani tikiti, ta kwana uku, amma da na buɗe fostar wlh sai kaina ya ɗau zafi, sunaye ne rututu kamar jerin maniyyata kuma guda uku kacal na sani, su ɗin ma sai can cikin dare zasu hau. Abokan tafiyata sunce mu kwanta a masauki sai goma na dare mu fita tunda sauran duk 'yan cike gurbi ne. Ni dai gani nake asarar riyal ce. Ya zanyi in gane wanda ya isa a tsaya a saurara cikin waɗanda ban sani ba? Ƙaninka mai turare, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokan nan naka ka gaishe min dasu, kace nace barci yafi arha a Jidda, ba sai mutum ya yi tafiyar kilomita sama da 900 ya biya kuɗin otal ba.

Fara da gane yadda ake rubuta fostar. A yawancin irin waɗannan bukukuwa girman rubutu shine girman kuɗin da aka biya mutum, ba girman iyawarsa ba. Na sama masu manyan haruffa su ne masu jawo jama'a su yanki tazkara, kamar yadda aka kawo Metallica a 2023 da Eminem a 2024. Na ƙasa masu ƙananan haruffa da sai ka ja hoton da yatsa biyu kafin ka karanta, su ne waɗanda mai shirya bikin ya zauna ya zaɓo da kunnensa, dan ba sunansu ne zai sayar masa da tazkara ko ɗaya ba. Shi yasa ni daga ƙasa nake karanta fosta in yi sama, kamar mai neman sunansa a sakamakon jarrabawar da bai yi karatu ba.

Ni ma na taɓa yin abinda abokanka ke so ku yi. Na iso a makare, na tsaya can baya inda mawaƙin yake kamar ƙwayar gero, awa biyu ina kallon allon talabijin ƙato, abinda da ina gida kan kujera da shayi a hannu zan gani a waya. Washegari haushi yasa na fita da wuri, na faɗa wani ƙaramin dandamali inda mutanen wajen basu fi cika motar bas biyu ba, wasu samari ne da jita da ganga suna ta zuba gumi cikin wannan sanyin, har yau su nake ji in ina tuƙi. Mutanenmu sunce da sanyin safiya ake kama fara, to a nan da yamma ake kamata, kafin taro ya cika.

Yanzu ga aikin gida, kuma kada ka ce yayi yawa dan duk a shago zaka yi shi tsakanin mai saye da mai saye. Ɗauki sunaye goma ko sha biyar daga layukan ƙasa. Kowanne ka nemo shi a Anghami ko Spotify ko SoundCloud, ka ji waƙa biyu, wacce tafi yawan masu ji da kuma wacce ya saki kwanan nan, dan ta biyun ita ce zai fi yi a dandamali. In ta kama ka, to kar ka tsaya nan, je YouTube ko Instagram ka nemi bidiyon da wani ya ɗauka da waya a wajen wasa, irin mai rawar hannu ɗin nan mai hayaniya. Nan ake gane gaskiya. A situdiyo kwamfuta na gyara muryar da ko akuya bazata saurara ba, amma a gaban mutane babu wannan, kuma ka dinga kallon fuskokin 'yan kallo, suna motsi ne ko kowa na latsa wayarsa. Kai da ke sayar da turare ai ka fi ni sani, ba a kwalba ake yanke hukunci ba sai an shafa a fata an jira ya zauna.

Akwai 'yan alamomi a gefen suna da ya kamata ka sani. In kaga an rubuta Live, to da kayan kiɗa ko na'urorinsa zai haɗa sautin a gabanka. In DJ set ne, waƙoƙi zai jera yana haɗa su, ko da kuwa asalinsa firƙa ce, yani ƙungiyar makaɗa, mai jita da ganga, to kar kaje kana jiran ganin makaɗa. B2B kuma DJ biyu ne a tebur ɗaya suna karɓa-karɓa. Soundstorm tun da MDLBEAST, kamfanin da ke shirya shi, ta fara shi a Disambar 2019 a Banban, arewa da Riyad, jininsa na DJ ne, daga baya ne aka dinga shigo da 'yan rap da masu jita, dan haka in firƙa kake nema sai ka tona.

Sai 'yan gida, kuma nan ne nake so ka sa ido sosai. Kar ka manta kafin a kafa hukumar nishaɗi a 2016 yaran nan a istiraha, yani gidajen shaƙatawa na haya, da ɗakunan gida suke kiɗansu a ɓoye, wasu sun shekara goma suna yi babu wanda ya gansu sai abokai, yani da yawa da ake kira sababbi ba sababbi bane, dandamali ne sabo. Dubi Cosmicat, 'yar Jiddarku ce da ta karanci likitancin haƙori kafin ta koma DJ. Dish Dash wa da ƙani ne su ma daga Jidda. A Riyad akwai Seera, firƙar mata zalla masu jita da ganga da ke rera da Larabcin gida. Bance duk zaka gansu a fostar bana ba, misali nake baka na irin sunan da mutum ke tsallakewa yau, gobe yaji ana faɗa ya ce ashe.

In kafilinka, yani ubangidanka na aiki, zai ƙara maka kwana biyu, je Riyad da wuri dan XP Music Futures, taron da ake yi a unguwar JAX a Dir'iyya kwanaki kaɗan kafin babban bikin, tun 2021 ake yinsa. Da rana surutu ne na masu harkar, da dare kuma ƙananan mawaƙa ke hawa a wurare ƙanana inda zaka tsaya taku biyar daga mai ganga. Juma'ar da zata yi kyau ai tun Laraba ake ganeta.

Jadawalin lokuta baya fitowa tare da fosta, sai bikin ya matso. Da ya fito ka ɗauki hotonsa ka ajiye dan intanet na wahala in dubban mutane suka taru waje ɗaya. Kowane dare ka zaɓi uku da ba fashi, sauran lokacin ka bar ƙafarka ta bi kunnenka, in kaji abu ka tsaya waƙa uku, in bai yi ba ka wuce babu wanda zai riƙe ka. Kuma dan Allah ka tafi da rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe, ku 'yan Jidda kun saba da zufa, Disambar Riyad cikin fili da dare ba wasa bace.

TAMBAYA: Yaya ni ina Makka, kuma gaskiya wannan dum dum ɗin na kwamfuta ciwon kai yake sani, nafi son inga mutum riƙe da kayan kiɗa. Yayana yace zai rakani in kusa ne. Ƙanwarka, Makka.

AMSA: Ƙanwata ki duba bikin kiɗa na Balad Beast, a cikin tsohon garin Jidda ake yinsa tun 2022, tsakanin gidajen nan masu tagogin katako da UNESCO ta sa a jerinta a 2014, ana haska fitilu masu zane a jikin bango. Jirgin ƙasan Haramain zai kawo ku. Amma in faɗa miki gaskiya can ma DJ sun fi yawa, dan haka ki bi sunayen masu Live a gefe. In kuma oud, molon Larabawa, da murya tsantsa kike so, ki tara kuɗi sai lokacin sanyi kuje garin AlUla, bikin Winter at Tantora ko ɗakin wasan nan mai bangon madubi, Maraya. Mai aiko min saƙo kullum kan hukuncin kiɗa kuma, Malam nagode, amma wannan shafin ba na fatawa bane.

TAMBAYA: Mu biyar ne muna buga gangar mizmar a bukukuwan aure, kwanan nan muka haɗa da jita muna rera da Hausa da Larabci. Ta ina ake shiga fosta? Ƙannenka, Madina.

AMSA: Kai masha Allah, wannan haɗin ni kaina ina so inji. Mizmar ɗin da kuke ɗauka kayan biki ne kawai tun 2016 yake jerin al'adun UNESCO, kar ku sake ku rage shi dan jita ta fito, shi ne abinda wasu basu dashi. Ku ɗauki bidiyo ɗaya mai tsabtar sauti na waƙa biyu kuna bugawa kai tsaye, ba yanke-yanke, ku sa a inda za'a same shi da suna ɗaya tak, ba yau wannan suna gobe wancan ba. Ku fara da ƙananan wurare a Jidda, kuje XP ku gaisa da mutane. Wanda ke kan iƙama, takardar zaman baƙo, a cikinku kuma ya bincika maganar izini kafin ya karɓi ko riyal ɗaya a hannun mai shirya wasa. In kun ɗauki bidiyon ku turo min ta adireshin mujalla.