Me ya sa Sallah ke yawo a cikin shekara amma Kirsimeti na nan inda take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Kaduna, akwai abokiyar aikina Kirista, ranar nan muna hira take tambayata wai me ya sa Sallarmu ba ta da tsayayyar rana, bana ta zo da zafi, can baya kuma a damina, su kuma Kirsimeti kullum 25 ga Disamba. Na ce mata ai wata muke bi, sai ta ce to ai Ista ma an ce da wata ake lissafinta amma ba ta taɓa faɗowa a Agusta ba. Nan fa na yi shiru. Don Allah a warware min.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, amsar da kika ba ta daidai ce, kawai dai rabi ce, kuma tambayar da ta mayar miki ita ce ainihin inda maganar take.

Bari mu fara da lissafin don komai a kansa ya ginu. Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 da rabi ne da ɗan ɗoriya, shi ya sa wani watan ke yin 29 wani ya cika 30. In kika tara goma sha biyu kin samu kwana 354. Ita kuwa shekarar rana, wadda ke kawo mana bazara da damina da kaka da hunturu, kwana 365 ce da kusan rubu'in yini. Kinga akwai ratar kwana 11 kenan duk shekara. Toh duk wata al'umma da ke da ranakun ibada sai da ta zauna ta yanke abin da za ta yi da waɗannan kwana 11 ɗin, kuma bambancin da kike gani duk daga nan ya taso.

Mu Musulmi ba mu cike ratar ba, mun bar ta haka, kuma ba mantuwa ba ce, umarni ne. A Suratut Tauba aya ta 36 Allah ya ce adadin watanni goma sha biyu ne, huɗu daga ciki masu alfarma, sai aya ta 37 ta haramta abin da ake kira nasi'u, wato yadda Larabawan jahiliyya ke ɗage wata mai alfarma su kai shi gaba in yaƙi ya kama su, wasu masana tarihi ma sun ce har ƙarin wata suke yi don Hajji ya riƙa dacewa da lokacin kasuwa. Daga nan aka rufe wannan ƙofar. A zamanin Sayyidina Umar aka tsayar da ƙidayar shekaru daga hijira, wadda ta faru a 622 Miladiyya. Saboda haka azumi duk shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11, sai ya yi kamar shekara 33 kafin ya zagayo inda ya faro. In kin tuna azumin 2022 a Afrilu aka yi shi, tsakiyar zafin nan da mutum ke jiƙa zane ya lulluɓa, amma wanda ya yi wayo a 1999 zai gaya miki da rigar sanyi ake tashi sahur. Ni dai a ganina akwai rahama babba a nan, domin da a ce azumi a watan Yuni aka kafe shi, da mutanen arewacin Turai har abada suna kai awa 18 ko fiye da baki a rufe, mu kuma manomanmu kullum da azumi za su yi noman farko. Yanzu kuwa kowace ƙasa tana ɗanɗana sauƙin tana ɗanɗana wahalar.

Kirsimeti ita babu ruwanta da wata kwata-kwata, da kalandar rana aka ɗaure ta, shi ya sa ba ta motsi. Amma ko ita ɗin ba ko'ina ne ake yinta rana ɗaya ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha da cocin Rasha ranar 7 ga Janairu suke yi. Dalili kuwa tsohuwar kalandar da Yuliyas Kaisar ya kafa ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da rubu'i cif, alhali ta gaza haka da kamar minti 11. Minti 11 kamar ba komai ba, amma duk shekara 128 sai ya zama yini guda. Da aka kai 1582 abin ya taru, sai Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana 10, mutane suka kwana ranar 4 ga Oktoba suka wayi gari 15 ga wata. Ingila ba ta yarda ba sai a 1752, wasu coci-cocin gabas kuma har yau tsohon lissafi suke bi a ibada, kuma ratar yanzu ta kai kwana 13. Wato a wajen mutumin cocin Rasha 25 ga Disamban yake yi, a tamu kalandar ce ta zama 7 ga Janairu.

Yanzu ga Ista, inda abokiyar taki ta tsayar da ke. Gaskiyarta, da wata ake lissafi, amma an ɗaure watan da turke. Ƙa'idar ita ce a jira 21 ga Maris, lokacin da dare da rana ke daidaita, sai a duba cikar wata ta farko daga wannan ranar, wato daren sha huɗu, Lahadin da ta biyo baya ita ce Ista. Kinga rana ce ke buɗe ƙofa, wata kuma ya zaɓi makon. Shi ya sa take kai-komo amma ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu a lissafin Katolika da Furotesta, kamar akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya, za ta zaga amma ba za ta bar gindin bishiyar ba. Tun taron malaman coci na Nikiya a 325 ake ƙoƙarin a haɗa kai kan rana ɗaya, amma har yanzu 'yan Otodoks, wato coci-cocin gabas irin na Rasha, nasu lissafin daban, a 2024 Katolika da Furotesta sun yi ranar 31 ga Maris su kuma sai 5 ga Mayu, a 2025 kuma duk suka haɗu a 20 ga Afrilu.

To me ya kawo wata cikin Ista tun farko? Saboda a imanin Kirista abubuwan da suke tunawa sun faru ne a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, su kuwa Yahudawa watanninsu na wata ne kamar namu, har ma yininsu daga faɗuwar rana yake farawa kamar yadda mu ma daren Juma'a ke riga yinin Juma'a. Inda muka rabu shi ne su suna cike ratar. Idin Ƙetarewa, 15 ga watan Nisan, dole ya zo lokacin da sanyi ya wuce sha'ir ya nuna, Idin Bukkoki kuma da kaka bayan an tattara amfani, to bikin da ke haɗe da gona ba zai yiwu a bar shi ya yi ta yawo ba. Sai suke ƙara wata guda cur, Adar na biyu, sau 7 a cikin kowace shekara 19, don an gano wata 235 kusan daidai yake da shekarar rana 19. Shekararsu wani lokaci wata 13 ce kenan.

'Yan Hindu ma haka suke, kusan duk shekara uku su ƙara wata, shi ya sa Diwali, bikinsu na kunna fitilu, ba ya fita daga Oktoba ko Nuwamba. Sabuwar shekarar Sinawa ita ma tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu take tsayawa, babban bikin mabiya Buda na Wesak kuma galibi a cikar watan Mayu.

Wani abin da nake so ki lura da shi, kakanninmu ba su taɓa rikicewa da wannan ba. Suna da watan cika-ciki da na azumin tsofaffi da na sha-ruwan-tsofaffi don ibada da al'ada, amma in maganar shuka ce ba wanda ke tambayar ko Rajab ne ko Safar, sama ake kallo, a duba taurari da iska da hadari. Lissafi biyu suke riƙe da shi kowanne da aikinsa. Iran ma haka take yi a hukumance, shekarar gwamnati ta rana ce tana farawa da Nauruz, bikinsu na sabuwar shekara, wajen 20 ko 21 ga Maris, amma azumi da Hajji da Ashura da wata ake yinsu. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a fiƙihu, domin shekarar zakka ta wata ce, wanda ke jiran Disamba zuwa Disamba kafin ya fitar yana jinkirta haƙƙin talakawa da kwana 11 duk shekara ba tare da ya sani ba.

Ki gaya wa abokiyar taki ta sa ido, in Allah ya kai mu 2030 azumi sau biyu zai kama a shekarar Miladiyya ɗaya, farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, kamar yadda ya faru a 1997. A 2033 kuma bisa lissafi Ƙaramar Sallah za ta faɗo 'yan kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti, sai dai ainihin ranar mu nan sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata tukuna. Allah ya nuna mana da rai da lafiya, ki gaishe min da ita.