Manhajata tana ganin fayil a Windows, amma a Linux ta ce babu shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta 'yar manhaja da Python mai karanta sakamakon ɗalibai daga wani fayil. A kwamfutata mai Windows tana aiki lafiya lau, amma da na ɗora ta a kan sabar Linux sai ta ce FileNotFoundError, alhali fayil ɗin yana nan. Ga abin da na rubuta: open("bayanai\\Sakamako.csv"). Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Matsalar tana tsakanin "bayanai" da "Sakamako". Windows na raba folda da fayil da alamar \, su kuwa Linux da macOS da alamar / suke rabawa. A wurin Linux, \ harafi ne kamar kowane harafi, don haka ba ta ma shiga foldar ba. Fayil guda take nema wanda sunansa gaba ɗaya bayanai\Sakamako.csv, kuma babu shi.

Wannan saɓani tsoho ne. Lokacin da MS-DOS 2.0 ta zo da tsarin folda a 1983, an riga an ba alamar / aikin zaɓin umarni, irin su dir /w, sai aka ɗauki \ a madadinta. Windows ta gaji abin har yau.

Alamar \ tana da wani sharrin kuma. Kai ka ninka ta, ka tsira. Wanda ya rubuta "C:\new\table.csv" kuwa, Python za ta ɗauki \n a matsayin sabon layi, \t kuma tazara, hanyar ta lalace ko a Windows ɗin ma.

Shawarata ita ce ka daina haɗa hanyar fayil da hannu. Tun Python 3.4, wadda ta fito a 2014, akwai pathlib, ɓangaren Python mai kula da hanyoyin fayil:

from pathlib import Path
tushe = Path(__file__).resolve().parent
fayil = tushe / "bayanai" / "sakamako.csv"

Wannan / da kake gani ba rubutu ba ne, umarnin haɗawa ne, pathlib ce za ta sa alamar da ta dace da kowace na'ura. Tsohuwar hanyar os.path.join ma tana yi, ni dai na fi son pathlib don ta fi daɗin karantawa.

Ka lura da layi na biyu, don nan ne mutane da yawa ke sake faɗawa. In ka rubuta "bayanai/sakamako.csv" kawai, Python za ta fara nema ne daga foldar da aka tsaya aka tayar da manhajar, ba daga inda aka ajiye ta ba. A kwamfutarka wuraren biyu kan zo ɗaya, shi ya sa ba ka taɓa lura ba. A kan sabar kuwa, musamman in cron (mai tayar da manhajoji da kansa a lokacin da aka tsara) ne ke tayar da ita da tsakar dare, sau da yawa ba ɗaya ba ne. Shi __file__ yana ɗaure hanyar da wurin da manhajar take zaune.

Sai abin da pathlib ba za ta gyara maka ba: babban baƙi da ƙarami. A Windows, Sakamako.csv da sakamako.csv abu ɗaya ne, haka ma a yawancin kwamfutocin macOS yadda suke zuwa. A Linux fayiloli biyu ne daban. Ka shiga sabar ka buga ls bayanai don ta jero maka fayilolin da ke cikin foldar, ka duba sunan harafi bayan harafi. Ni kam duk sunayen fayilolin aiki da ƙananan baƙaƙe nake sa su, ba tazara a ciki.

In wata rana aikin ya juya, daga Linux zuwa Windows, ka sani Windows ba ta karɓar : ko ? ko * a sunan fayil. Masu sa lokaci a suna, kamar rahoto_10:30.txt, su ne wannan ya fi kamawa. Akwai kuma sunayen da ta keɓe tun zamanin DOS, irin su CON, NUL da PRN, sannan manhajoji da dama a Windows na cijewa in tsawon hanya ya kai haruffa 260.

Ka gyara alamar da tushen tukuna, ka sa print(fayil) kafin open, ka kwatanta abin da ya fito da abin da ls ta nuna maka.