Amsa ga ɗan'uwan da zai tashi daga sitonsa

Ɗan'uwa, da na ga tambayarka cewa za ka koma sabon sito kuma kuɗin kwashe kaya na neman cinye maka ribar shekara, sai da gabana ya faɗi, don ni ma na sha wannan ɗacin. Na ga hankalinka duk yana kan farashin mota. Ni ba a nan aka kwantar da ni ba.

Mun yi jinga da mai mota a kan kowane sawu, ban ce uffan a kan yawan lodi ba. Sai motar ta riƙa tashi da rabin ciki, in na yi magana ya ce tayoyinsa ba za su ɗauka ba. Aikin sawu 5 ya koma 8. Wannan ma mai sauƙi ne. Ranar sawun ƙarshe muka iso da yamma liƙis, ashe mai sabon siton ya kulle ya yi gaba da makulli, wayarsa kuma a kashe. Mutumin da ya karɓi kuɗin hayata cif-cif, har da rantsuwa cewa zai jira ni! 'Yan dako suka gaji suka watse. Hadari ya haɗo, tamfol ɗin motar kuma duk ɓula. Wallahi ina tsaye da fitilar waya ina kallon ruwa na bin katan-katan ɗina suna laushi kamar tsumma, na rasa wanda zan kira. Da safe direba ya ce sai na biya kuɗin kwana, 'yan dako suka ce saukale sabon ciniki ne. Shi kuwa mai siton ya zo yana murmushi, wai mantawa ya yi. Ko haƙuri bai ba ni ba. Har yau in muka haɗu, gaisuwa ce kawai.

Don Allah kar tayar mota ta motsa sai makulli na aljihunka. Jingar kuma ka yi ta a kan aikin gaba ɗaya, lodi da saukale da jira, a rubuce, kowa ya sa hannu. In ka iya, ka bar hayar tsohon wurin da ta sabon su haɗu na 'yan kwanaki. Za ka ga kamar asara ce, amma gaggawa ta fi ta tsada, don wanda wa'adi ya matse ba ya iya taya farashi.

Kayan da suka yi kwantai fa, kar ka biya musu kuɗin mota. Karya farashinsu ka sayar tun yanzu. Ni na kwashi wasu da har yau suna nan sun tare min lungu. Ka tsayar da sabon sari, ko ka ce a kai shi sabon siton kai tsaye. Kayan da ke tafiya kullum su ne na ƙarshen tashi, don kar ciniki ya tsaya.

Ka ƙirga komai wajen fita, yaronka ya ƙirga wajen shiga, kowane sawu da takardarsa. Ka tambayi masu inshora ko sun rufe kaya a kan hanya, don sau da yawa ta cikin sito kawai ce. Au, ka auna ƙofar ma. Tawa ƙofar, babbar mota ba ta iya matsowa, sai da aka yi ta dako daga bakin titi, 'yan dako ma suka ƙara kuɗi.