Firij yana ja na a tsohon gidan haya, me zan yi?

Malam, ka ce firij da famfon banɗaki suna ɗan jan ka idan ka taɓa, mai gida kuma ya ce haka tsofaffin gidaje suke. Don Allah kada ka yarda da wannan magana. Wuta ce ke zuba a jikin ƙarfe, ba ta samu hanyar sauka ƙasa ba sai ta jikinka.

Aikin wayar ƙasa ke nan, wadda a yau ake yi mata launin kore da rawaya: ta kwashe wutar da ta kauce ta kai ta ƙasa. A tsohon gini sau da yawa ta tsinke cikin bango, ko sandar ƙarfen da aka kafa a ƙasa aka haɗa ta da ita ta yi tsatsa, ko ma ba a taɓa sa ta ba. Soket mai rami uku ba hujja ba ce, sai an auna. Fiyus kuma waya yake karewa daga zafi, ba mutum ba. Mai kare rai ita ce na'urar RCD, wadda ke yanke wuta da zarar wuta 'yar kaɗan, miliamfiya 30, ta zuba.

Cire firij ɗin daga soket, a daina wanka da wannan famfo. Rubuta wa mai gida, ka nemi ƙwararren mai gyaran wuta ya auna komai ya ba da rahoto. A Ingila, tun 2020 doka ta wajabta wa masu gidajen haya wannan binciken duk shekara 5. Idan wani ya ce zai haɗa wayar ƙasa da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) a bayan soket, hana shi.