Tambaya da Amsa: Fandeshan da Firaimar Japan a Kan Fatarmu

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kayan kwalliyar Japan da ake kawo wa mata tsaraba ko suke yin odarsu ta intanet. Mun zaɓo shida, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni wankan tarwaɗa ce. Yayata ta kawo mini hodar fandeshan daga Japan, a bayan kwalin an rubuta OC30, mai kantin ya ce mata ita ce mafi duhu a wurinsu. Da na shafa sai fuskata ta yi furu-furu, wuya daban fuska daban. Ko jabu aka sayar mata? Daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da wuya a ce jabu ce, kuma mai kantin bai yi ƙarya ba. Kayan da ake yi don kasuwar cikin Japan, irin su Maquillage, Kate da Cezanne, launukansu 'yan kaɗan ne, kuma da fatar Japanawa aka auna su. Haruffan suna nuna sirkin launi: OC tsaka-tsaki ne, PO yana da sirkin ruwan hoda, BO kuma ya fi karkata ga rawaya. Lambar ita ke nuna haske ko duhu. A tsarin kamfanin Shiseido 10 mai ɗan haske ne, 20 shi ne matsakaici a wurinsu, 30 kuma na mai ɗan duhu. To wannan 30 ɗin ko farar mace a cikinmu sau da yawa ya yi mata haske, balle wankan tarwaɗa.

Furu-furun nan yana da dalili. Da launi huɗu ake haɗa kusan kowane fandeshan: farin sinadarin titaniyam, sai sinadarin ƙarfe mai rawaya, mai ja da mai baƙi. Na masu hasken fata farin ne ya fi yawa a ciki. Idan farin nan ya kwanta sirara-sirara a kan fata mai duhu, duhun yana lekowa ta ƙarƙashi, sai ido ya ga toka-toka. Ƙara shafawa ba ya gyara shi, ƙara ɓata shi yake.

In kina son na Japan lallai, ki nemi wanda aka yi don kasuwar duniya. Synchro Skin Self-Refreshing na Shiseido ya fito da launi 30, daga lamba 110 zuwa 560. Wankan tarwaɗa ta fara dubawa daga jerin 400, wadda ta fi ta duhu ta shiga jerin 500. Zen Wear na Decorté, ƙarƙashin kamfanin Kosé, ya fito da launi 40. Sai dai masu duhun ba kasafai ake ajiye su a kantunan cikin Japan ba, an fi samunsu a Ingila, Amurka ko Dubai.

Wajen gwaji, kada ki yi a bayan hannu, domin launinsa ba ɗaya ba ne da na fuska. Ki ja layi uku na launuka masu makwabtaka da juna daga kunci zuwa muƙamuƙi har su taɓa wuya. Ki jira minti 20, don fandeshan yakan ƙara duhu idan ya bushe ya gauraya da maiƙo. Sannan ki fita waje ki tsaya a inuwa da madubi, ba ƙarƙashin fitilar kanti ba. Wanda ya ɓace a cikin fatarki shi ne naki. Idan duhun ya yi daidai amma ya yi ja kamar jar ƙasa, sirkin fatarki ya fi karkata ga rawaya. Idan ya yi kore-kore ko ya dushe, mai sirkin ja kike buƙata. Dabarar duba jijiyar hannu da ake yawan faɗa ba ta cika aiki a fata mai duhu ba, kada ki dogara da ita. Ita kuwa hodar da ke hannunki, ki ba wadda za ta yi wa daidai, domin fandeshan na ruwa ne ake iya ɗiga masa mai duhu a gyara, hoda ba ta karɓar haɗi.

Tambaya: Fatata maiƙo gare ta sosai. In na yi kwalliya da safe, kafin azahar goshi da hanci sun yi sharkaf, fandeshan ya taru a gefen hanci. An ce firaimar Japan tana maganin wannan. Wacce zan saya? Daga Kaduna.

Amsa: An gaya miki gaskiya, kuma a nan ne kayan Japan suka fi amfanarmu. Firaima ita ce abin da ake shafawa kafin fandeshan don ta riƙe kwalliya. Watannin Yuli da Agusta a Tokiyo zafi ne mai ɗanko da gumi, shi ya sa kamfanoninsu suka daɗe suna aiki a kan abin da zai riƙe kwalliya a irin wannan yanayi, wanda bai da nisa da namu na damina. Wadda ta fi suna ita ce Primavista ta kamfanin Kao, kuma tana da mai baƙar kwalba da aka yi don masu maiƙo ƙwarai. Akwai ta Maquillage mai suna Dramatic Skin Sensor Base. Ta Cezanne ta fi araha, amma tana zuwa da sirkin ruwan hoda ko shuɗi mai haske, duka biyun suna haska fuska, don haka mai duhun fata ta yi hattara da ita.

Yadda suke aiki shi ne, akwai ƙananan ƙwayoyin gari a ciki da ke tsotse maiƙo, da kuma silikon da ke shimfiɗa siririn rufi wanda gumi ba ya narkarwa da wuri. Garin yakan kwanta a gindin kwalba, saboda haka ki girgiza ta sosai kafin ki buɗe, in ba haka ba ruwa zalla za ki shafa.

Bayan kin wanke fuska ki shafa mai marar nauyi ki jira minti 5. Kada ki ce tunda kina da maiƙo ba kya buƙatar mai, fatar da ta rasa ruwa ba ta riƙe kwalliya. Sai man kariya daga rana, ki ƙara jiran minti 5. Ki ɗiga firaima daidai girman ƙwayar wake, ki raba ta goshi, karan hanci, gefen hanci da haɓa kawai. Kumatu ba sa buƙata in ba su da maiƙo. Ki daddanna da yatsa, kada ki murza. Bayan minti 2 ki sa fandeshan kaɗan da soso mai ɗan danshi, daga tsakiyar fuska zuwa waje, ki rufe da hoda a wuraren maiƙon.

Taruwar gefen hanci kuwa yawan kaya ne ke kawo ta. Wurin lanƙwasa ne, abin da ya rage a jikin soso ya ishe shi. Da rana idan maiƙo ya fito, ki ɗora takardar tsane maiƙo ko tishu ki danna tukuna, sannan ki ƙara hoda. Hoda a kan maiƙo kai tsaye ita ke yin dabbare-dabbare.

Tambaya: Ni kuma da hunturu fuskata sai ta riƙa saɓa, firaimar da nake sawa tana yi mini zafi a gefen baki. Daga Maraɗi.

Amsa: Ƙanwata, ki ajiye ta har damina. Yawancin firaima da man rana na Japan masu saurin bushewa suna da alkohol mai yawa, shi ke sa su sanyi da rashin nauyi, kuma shi ke yi wa busasshiyar fata raɗaɗi. Haɗa wannan da garin tsotse maiƙo a kan fatar da iskar hunturu ta riga ta busar, dole ta saɓa.

Ki duba Curél na Kao, wanda aka gina a kan kula da seramaid, kitsen da ke riƙe ruwa a saman fata, ba turare ba alkohol. Akwai d program na Shiseido da Minon, su ma don fata mai gautsi aka yi su. Daga cikinsu ki ɗauki man fuska da firaima marar launi, masu launin irin matsalar da muka faɗa a sama ce za su ba ki. Ki shafa mai tun fuska na da ɗan danshi, ki jira minti 10, ki yi amfani da fandeshan na ruwa mai ɗan sheƙi, hoda kuma a hanci kaɗai. Duk sabon abu ki fara gwada shi a bayan kunne kwana 2. Idan saɓar tana zuwa da ƙaiƙayi da ja, ki dakatar da kwalliya ki ga likitan fata.

Tambaya: Sana'ata kwalliyar amare. Na sayi firaima ta Japan mai ruwan shanshanbale da aka rubuta Tone Up a jikinta. A ido amarya ta yi kyau, amma a hoton dare fuskarta ta fito fari fat. Mene ne kuskuren? Daga Gombe.

Amsa: Hajiya, kuskuren yana cikin rubutun nan da kika karanto. Duk abin da aka rubuta wa Tone Up aikinsa ya haska fuska, da farin titaniyam ko zink da 'yan ƙyalƙyali. Ruwan shanshanbale an sa shi ne don ya kashe rawayar fata mai haske, kore kuma don ya kashe ja. A fatar amarenmu babu abin da za su kashe, sai dai su bar toka. Idan fitilar kyamara ta haska, waɗannan fararen ƙwayoyi suna mayar da hasken kai tsaye, haka ma farar hodar silika zalla da ake zubawa a ƙarƙashin ido.

Don bikin dare ki ɗauki firaima marar launi, wadda in kin shafa a hannunki ba ta barin komai, kuma ba a buƙatar mai ƙarfin kariya daga rana tunda babu rana. Launin gyara da ke yi mana aiki shi ne ruwan lemo: mai haske ga farare, mai ƙarfi har ya doshi ja ga masu duhu. A sa shi a kan tabo, gefen baki da ƙasan ido kaɗai, a bar shi ya kama kafin fandeshan. Ki maye farar hoda da mai launin fata. Sannan kafin a ɗaura ɗankwali ki kashe fitilar ɗaki ki ɗauki hoto da filashin wayarki. Abin da kika gani a nan shi mai hoto zai gani, kuma a lokacin akwai sauran damar gyara.

Tambaya: Me ake nufi da PA++++? Kuma tunda fandeshan ɗina yana da SPF, sai na sake sa man rana? Ina fama da tabon ƙuraje. Daga Jos.

Amsa: SPF yana auna kariya daga hasken da ke ƙona fata, PA kuma tsarin Japan ne na auna kariya daga hasken UVA, mai shiga ciki ya ƙara duhun tabo. Yana farawa daga alama ɗaya zuwa huɗu, ta huɗun a 2013 aka ƙara ta. Amma lambar da ke jikin kwalba an same ta ne da shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita, wanda ba wadda ke shafa fandeshan da kaurin haka. Don haka ki sa man rana daban, tsawon yatsu biyu don fuska da wuya. Biore UV Aqua Rich ba ya cika barin fari a fata mai duhu, sai dai yana da alkohol. Fandeshan a samansa ƙari ne mai amfani a gare ki, domin sinadarin ƙarfen da ke ba shi launi yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a irin fatarmu.

Kada kuma ki ruɗu da kayan da ake tallatawa da sunan haska fata don an ce na Japan ne. A 2013 kamfanin Kanebo ya janye wasu kayansa masu sinadarin Rhododenol, waɗanda suka jawo wa dubban mutane fararen dabbare a fata.

Tambaya: Firaimata ba ta fita da sabulu, ga alwala. Kuma ban ga ranar lalacewa a jikin kwalin ba. Daga Zariya.

Amsa: An yi ta ne don ta jure ruwa da gumi, don haka ruwa zai iya zamewa ta samanta. Hukuncin alwala a kanta na malamai ne, amma mafi sauƙi ki yi alwala kafin kwalliya, in ta karye ki cire ki sake. Mai ne ke cire ta. Ki sami man wanke fuska irin na DHC, Softymo ko Shu Uemura, ki matsa sau 3 a busasshen hannu, ki shafa a busasshiyar fuska na kimanin minti 1. Ki yayyafa ruwa kaɗan ki ci gaba da shafawa har man ya koma fari kamar madara, sannan ki ɗauraye ki bi da sabulun fuska marar ƙarfi. Masu tsallake matakin farin nan su ke kukan ƙuraje, don man da dattin suna zama a fata.

Rashin ranar lalacewa ba alamar jabu ba ne. Dokar Japan ba ta tilasta rubuta ta a kan kayan da za su kai shekara 3 ba su lalace ba in ba a buɗe ba. Abin dubawa shi ne lambar haɗi da aka buga a gindin kwalba ko kwali, da sunan kamfani da adireshinsa cikin rubutu mai tsafta. Da kin buɗe ki rubuta watan a jikinta, na ruwa ki ƙarar da shi cikin wata 6 zuwa 12. Kada ki bar shi a mota ko bakin taga. Idan warinsa ya canza, ko ruwa da mai sun rabu sun ƙi haɗuwa bayan girgizawa, ki zubar.