Ɗan jirgin nan baƙi da ka tsinta a buhun tarkace

Yarona na ga saƙonka tun bayan magariba, sai yanzu na samu zama. Kace ɗan jirgin yaƙin nan na wasan yara da ya fito a buhun tarkacen da muka saya jiya, baƙin nan mai kusurwa-kusurwa kamar an ninke takarda, wai ko zamu iya ɗaukar samfurinsa a ƙasa mu zuba irinsa da alminiyam, kuma ko ka goge kusurwoyin da magagari dan ya fita daga ƙasa da sauƙi.

Kafin komai dai, dan Allah kar ka jefa shi cikin narkin tukwane. Ɗaga shi kaji nauyinsa a hannu, ai ya fi alminiyam nauyi nesa ba kusa ba. Tutiya ce aka haɗa da alminiyam kamar kashi 4 cikin 100 da ɗan magniziyam, zamak ake ce mata, tana narkewa tun wajen digiri 385, namu alminiyam kuwa sai ya kai 660. In wuta tayi mata yawa farin hayaƙi take fitarwa, ka shaƙa da rana da dare zazzaɓi ya rufe ka, sannan tukunyar da muke zubawa abinci mutane zasu dafa a ciki, amana ce a wuyanmu, balle tsofaffin kayan wasa wasu akwai dalma a fentinsu.

Su masu yin irin wannan ba ƙasa suke amfani da ita ba. Mazubi ne na ƙarfe mai ƙarfi, ɓari biyu, inji ya matse su sannan ya harba narkakkiyar tutiya ciki da ƙarfin gaske, cikin daƙiƙoƙi ta daskare a buɗe a turo shi waje. Duba gefensa zaka ga siririn layi inda ɓarin biyu suka haɗu, ka juya cikinsa ƙila kaga 'yan da'irori, sawun sandunan da suka turo shi ne. A Ingila kamfanin Meccano ya fara kayan wasan yara masu suna Dinky a 1934, na Matchbox suka biyo a 1953, dukkansu da irin wannan zubin. Mu kuwa nauyin narkin kaɗai ke tura shi, fiffike siriri haka kafin ya cika ya riga ya huce, sai kaga rabi ya fito.

To maganar goge kusurwa, nan ne nake so ka tsaya, dan in ka goge su ka kashe jirgin gaba ɗaya. Wannan F-117 ne na Amurka, kamfanin Lockheed ya ƙera shi, ya fara tashi a 1981 amma sai Nuwamban 1988 gwamnati ta yarda akwai shi. Na'urar rada aikinta ta aika igiyar rediyo ta bugi jirgi ta dawo mata, kamar ka haska tocila a madubi cikin duhu, in madubin na kallonka haske ya dawo idonka, in ka ɗan karkata shi sai hasken ya tafi bango kai kuma baka ga komai ba. Kowane fili a jikin jirgin nan madubi ne da aka karkata da gangan. Shi yasa bama-bamansa a ciki suke ba a rataye ƙarƙashin fiffike ba, bakin injinsa ma raga aka sa masa, kuma aka shafe jikin da abin da ke shanye igiyar. Lissafin asalinsa wani Barashe ne mai suna Pyotr Ufimtsev ya wallafa a 1962, injiniyoyin Lockheed suka ɗauka, to amma kwamfutocin shekarun 1970 shimfiɗaɗɗen fili kaɗai suke iya lissafawa, dole aka yanka jirgin gunduwa-gunduwa haka. Da kwamfuta tayi ƙarfi ai ka ga B-2, wani jirgin yaƙin Amurka da ya tashi a 1989, sumul yake kamar an shafa da hannu.

Abin da ke burge ni wallahi, masu kayan wasa ma sun so riga malam masallaci, a 1986 kamfanin Testors ya fitar da na roba ya kira shi F-19, mai lanƙwasa ko'ina, aka yi ta saya, da na gaskiya ya bayyana ko kama basu yi ba. Kuma kar ka ɗauka baya ganuwa sam, rage ganinsa aka yi, a 27 ga Maris 1999 sojojin Yugoslabiya sun kakkaɓo ɗaya a Sabiya da tsohon makami mai linzami na Tarayyar Sobiyat.

In kana son gwadawa ban hana ka ba, amma kar ka taɓa wannan da magagari. Sassaƙa babba da katako kamar tsawon taƙi ɗaya, ka ƙara wa fiffiken kauri, filayen sama dama a karkace suke zasu fita daga ƙasa da kansu, ka raba ƙasar daidai bakin fiffike. Gobe in Allah ya kaimu ka zo da shi da wuri, kafin mu hura wuta in nuna maka inda zaka buɗe hanyar zubi.