Me ya kai halittun teku ƙololuwar Everest?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na ji tambayarki: wai an samu burbushin halittun teku a saman dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse tsayi a duniya, can cikin tsaunukan Himalaya a iyakar Nepal da Sin, shin ruwan teku ne ya taɓa hawa har can? To, a'a. Ruwan bai hau ba. Ƙasan tekun ne aka tura sama, ya bar ruwan a baya.

Bari in ɗauko daga tushe. Ɓawon duniyar nan da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ne, tsage yake gida-gida, kuma kowane ɓangare tafiya yake yi a hankali, santimita kaɗan a shekara. Sannan ɓawon iri biyu ne, nan ne maganar take, ki riƙe ta da kyau. Na ƙarƙashin teku siriri ne, kaurinsa kamar kilomita 7, amma dutsensa nauyi gare shi. Na nahiya kuwa kauri gare shi, kilomita 35 zuwa 40, amma ya fi sauƙin nauyi. Idan na teku ya gamu da na nahiya, na tekun ne ke nutsewa ya shige ƙarƙashi. Abin da ke faruwa ke nan a gaɓar yammacin Kudancin Amurka, shi ya sa tsaunukan Andes suke cike da duwatsu masu aman wuta.

To idan nahiya ce ta gamu da nahiya fa? Babu mai yarda ya nutse. Nan ake yin ta.

Indiya a da can tana kudu, akwai teku tsakaninta da Asiya, masana na kiransa Tetis. Ta riƙa gangarowa arewa da saurin da ya kai wajen santimita 15 a shekara, wanda a lissafin duwatsu gudu ne na fitar hankali. Ƙasan tekun yana nutsewa a ƙarƙashin Asiya, tekun yana tsukewa, har ya ƙare. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce nahiyoyin biyu suka yi gaba da gaba. Ki shimfiɗa tabarma ki tura ta jikin bango, za ki ga tana tattarewa, tana lanƙwashewa, wani sashe na hawa kan wani. Haka gefen Indiya ya yi, tare da duk laka da ƙwanson halittun da suka taru a ƙasan tekun suka daskare suka zama dutse. Shi ya sa ƙololuwar Everest, mita 8,848.86 a awon da Sin da Nepal suka sanar a 2020, irin dutsen nan ne da ake yin siminti da shi, kuma a cikinsa akwai guntayen halittun teku da suka rayu sama da shekara miliyan 450 baya. Wato dutsen ya girmi tsaunin nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma ba tsayin ba ne, abin da ke ƙasa ne. A ƙarƙashin tudun Tibet, da ke arewa da tsaunukan Himalaya, kaurin ɓawon ya kai wajen kilomita 70, ninki biyu ke nan na ɓawon nahiya da aka saba. Wannan saiwar ce take ɗauke da tsaunukan. Abin da ido ke gani ƙaramin kaso ne.

Kuma fa ba a gama ba. Har yau Indiya na ci gaba da turi, santimita 4 zuwa 5 a shekara. Duwatsun sukan maƙale, ƙarfi ya yi ta taruwa, ran da suka suɓuce sai girgizar ƙasa. Ta Nepal a watan Afrilun 2015, mai ƙarfin maki 7.8, ta ci rayuka kusan 9,000, Allah Ya kiyaye gaba. A gefe guda kuma ƙanƙara da ruwa suna zaizayar tsaunukan, kogunan Ganges da Brahmaputra suna kwashe yashin zuwa tekun Bengal.

Wani a nan ya yi tambaya kan tsaunukan Alps na Turai: labarin kusan ɗaya ne, ɓangaren Afirka ne ke matsa Turai. Su kuwa Appalachian na Amurka da Ural na Rasha tsofaffi ne, karonsu ya kai wajen shekara miliyan 300, turin ya tsaya tuntuni, zaizaya ta cinye yawancin tsayinsu. Maganar ta yi tsawo, ƙanwata, in akwai inda bai fita ba ki sake tambaya.